Shok da radiyeshan: na amsa na gaji, ga shi a rubuce

Wai menene shok ɗin ma?

Gas ne ya yi karo da gudun da ya fi na sauti, sai ya matse ya yi zafi farat ɗaya. Shikenan.

Radiyeshan ɗin irin mai jawo cutar kansa ne?

A'a. Hasken da gas mai zafi yake fitarwa ne. Sau nawa zan faɗa?

To ina ruwansa da shok?

Gas ɗin da ke bayan shok shi ke tokare shi kamar gwafa. In bai yi asarar zafi ba matsewar ba ta wuce ninki 4 a gas mai atom ɗai-ɗai. Da ya fara zubar da zafi ta haske sai ya huce ya lotse, tokarar ta yi laushi.

Malam, a simuleshan ɗina, wato kwaikwayon da nake yi a kwamfuta, shok sai gaba sai baya yake yi, kod ɗina ne ya lalace?

Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa ba laifinka ba ne, mai yiwuwa kuma naka ne. Langer, Chanmugam da Shaviv sun ci karo da wannan rawar tun 1981 a lissafin gas mai zuba kan farin wadan tauraro, wato ɗan ƙaramin ragowar tauraron da makamashinsa ya ƙare. Shok ya ɗan matsa gaba, gas ya ƙara zafi, ya daɗe bai huce ba, sai shok ya zarce, can kuma gas ya huce matsi ya faɗi ya dawo da baya, a sake sabon lale. A 1982 Chevalier da Imamura suka nuna ya danganta da yadda hucewa ke ƙaruwa da zafi, in ka rubuta shi T (wato zafin) a ɗage zuwa alfa, in alfa ya gaza kusan 0.4 babbar rawar na tashi, ƙananan raye-rayen kuwa har wajen 0.8. Amma fa wannan na shimfiɗaɗɗen shok ne, maganaɗisu na iya danne ta, yadda ka tsara bangon baya a simuleshan ɗin, inda gas ke tsayawa, ma na canza sakamako. Ni dai abin da nake cewa, ninka girid ɗinka, wato yawan ƙananan gidajen da ka raba filin lissafi, ka sake gudanar da simuleshan ɗin. In tsawon zagayen bai motsa ba kuma ya yi kusa da lokacin hucewa, to fiziks ne. In ya canza, koma kan kod ɗinka.

Nawa kuma yamutsewa yake, ba gaba da baya ba.

Wannan daban ne, kar ku cakuɗa min. Ɓawon gas ne ya yi siriri, Vishniac ya bayyana shi a 1983. A gwajin lesa na 1991 fashewa cikin gas ɗin zenon ta yamutse, ta naitirojin ta fita sumul.

Zan iya cire radiyeshan don lissafi ya yi sauƙi?

In lokacin hucewa ya fi tsawon gwajinka nesa ba kusa ba, cire. In lokacin hucewa ya gaza tsawon gwajinka, kar ka soma.