Binciken lafiya kafin fara maganin narkolefsi

Narkolefsi cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke sa barci ya afko wa mutum da rana babu shiri, ko yana tsakiyar magana, ko da loma a hannunsa. Likitan Faransa Gélineau ne ya raɗa mata wannan suna a 1880, kuma ta bambanta da ciwon barcin da ƙudan tsando ke yaɗawa. Magungunan da aka fi bayarwa domin tsare barcin su ne modafinil, wanda Amurka ta amince da shi a 1998, da methylphenidate, da dangin amfetamin. Dukkansu suna iya ƙara hawan jini da saurin bugun zuciya, shi ya sa ma'aikaciyar jinya take yin bincike kafin majinyaci ya haɗiyi ƙwaya ta farko.

Zuciya ce ake fara dubawa. Ana auna hawan jini da bugun zuciya a rubuta su, domin da wannan awo na farko za a gwada duk wanda zai biyo baya. Sannan a tambayi majinyaci ko ya taɓa suma, ko ƙirjinsa na ciwo idan ya yi aikin ƙarfi, ko a danginsa akwai wanda ya faɗi ya mutu farat ɗaya yana matashi. Wannan tambaya ta dangi tana buƙatar natsuwa, saboda mutane da yawa ba sa danganta irin wannan rasuwa da ciwon zuciya sai an tuna musu. A Birtaniya ana so a yi gwajin ECG, wato awon yadda zuciya ke bugawa da na'ura, kafin fara modafinil.

Ana kuma tambayar tarihin taɓin hankali da matsananciyar damuwa da shaye-shaye, tunda amfetamin na iya tayar da tsohuwar larura kuma yana sa sabo. Ba a ba mai gilakoma (ciwon hawan jinin ido) methylphenidate, haka wanda ya sha maganin damuwa na rukunin MAOI sai ya yi kwana 14 da dainawa.

Batun mata bai kamata a wuce shi da gaggawa ba. Modafinil yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, ana kuma zargin yana cutar da ɗan tayi, don haka ana tabbatar da babu juna biyu, a kuma tattauna wata hanyar tazarar. Yara kuwa ana auna tsayinsu da nauyinsu, domin maganin yakan rage cin abinci. Daga ƙarshe a gargaɗi majinyaci cewa idan ƙuraje suka feso masa bayan fara modafinil, ya dakatar da shi ya koma asibiti a ranar.