Ku Daina Ɓalla wa Yara Asfirin

Duk yaron da aka kawo mini da zazzaɓi, tambayata ta farko ita ce: me aka ba shi a gida? Amsar da nake yawan ji ta ishe ni. "Rabin ƙwaya ce kawai, irin wadda babansa ke sha in kansa na ciwo." In aka ciro kwalin, sai ka ga asfirin ne. Wata uwar ma da ƙarfin gwiwa take faɗa, wai ai ba ta ba shi duka ba, ɓallawa ta yi. Iyaye, don Allah ku daina. Yaron da bai kai shekara 16 ba, ba a ba shi asfirin, ko guda, ko rabi, ko kwata, sai in likita ne ya rubuta saboda wata cuta ta musamman, irin cutar Kawasaki.

Na san ba mugunta ba ce. Jikin ɗa ya yi zafi rau cikin dare, hankali ya tashi, abin da hannu ya fara kaiwa shi ake ɗauka. Amma ku saurara.

A 1963 wani likita a Ostareliya, Douglas Reye, shi da abokan aikinsa, suka bayyana ciwon da yau ake kira da sunansa, wato ciwon Reye. Yaro ya yi mura mai tsanani ko ƙarambau, an ba shi asfirin, ya fara murmurewa, har an saki jiki. Bayan 'yan kwanaki sai amai ya ɓarke, ba ƙaƙƙautawa. Sai kasala da yawan barci, ko kuma faɗa da ruɗewa, ya kasa gane mahaifiyarsa. Daga nan jijjiga, sai doguwar suma. Hanta ce ke gazawa, ƙwaƙwalwa na kumbura, kuma galibi ido ba ya yin rawaya balle a ce shawara ce a farga da wuri.

Ɓarnar tana faruwa ne a cikin mitokondiriya, wato murhun da ke cikin ƙwayoyin halittarmu, inda ake mayar da abinci ƙarfi. Fatarta ta ciki a nannaɗe take.   To, in aka duba hantar mai ciwon Reye a madubin likita, mitokondiriyar ake gani ta kumbura, naɗe-naɗenta sun lalace. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan, ba darasi na zo koyarwa ba.

Hujjar da ake yawan kawo mini ita ce, "Ai yayyensa duk sun sha, ba abin da ya same su." Gaskiya ne, ciwon ba kasafai yake zuwa ba. Amma wa ya ba ki tabbacin wannan ma zai tsallake? Ciwon nan ba shi da maganin kansa, sai dai a tallafi jiki a asibiti a jira. A Amurka kusan ɗaya cikin uku na yaran da aka ba da rahotonsu sun rasu, wasu da suka rayu kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. A 1980 yara 555 aka ƙirga a can. Aka shiga gargaɗi, a 1986 aka tilasta rubuta kashedi a jikin kwalin asfirin, kafin ƙarshen shekarun 1990 abin ya koma ɗaya ko biyu a shekara. Ba sabon magani aka gano ba. Iyaye ne suka daina bayarwa.

Sannan ku daina ɓoye mana. In an riga an ba shi, a faɗa, a zo da kwalin. Faɗana na minti ɗaya ne, amma in kuka yi shiru wani ciwon daban za mu tsaya nema.

A taƙaice:

- Ku duba kwali kafin ku ba yaro komai. In kun ga aspirin, acetylsalicylic acid ko salicylate, ku ajiye. Yana ɓuya a wasu magungunan mura da na ɓacin ciki.
- Don zazzaɓi, farasitamol na yara, gwargwadon shekaru da nauyinsa. Kada a ninka.
- In ƙarambau ne, kada a ba da ibuprofen ma sai da izinin likita.
- Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, asibiti kai tsaye.
- Amai babu tsayawa, ruɗewa ko barcin da ya wuce kima bayan mura ko ƙarambau: a kawo shi a daren, kada a jira gari ya waye.