Gurɓatar iska da ciwon ƙoda

Gurɓatar iska na cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon ƙoda mai tsawo, ko da yake an fi saninta da cutar da huhu da zuciya. Babban abin zargi shi ne ɓurɓushin da masana ke kira PM2.5, wanda faɗinsa bai wuce maikiromita 2.5 ba, silin gashin kai ya ninka shi kauri kusan sau 30. Yana fitowa daga hayaƙin motoci da janareto, da murhun itace ko gawayi, da ƙona bola. Akwai shi kuma cikin hazon hunturu, wanda yawancin ƙurarsa ke tasowa daga ƙwarin Bodele a Chadi.

Saboda ƙanƙantarsa, ɓurɓushin kan wuce hanci da maƙogwaro ya kai can ƙuryar huhu, mafi ƙanƙanta ma su kutsa cikin jini. To, aikin ƙoda kuwa tace jini ne: kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa ta nan yake bi, ta cikin matatai kusan miliyan ɗaya a kowace ƙoda. Kumburin da ɓurɓushin ke haddasawa a jijiyoyin jini yakan taɓa waɗannan matatai. Yana kuma ƙara haɗarin hawan jini da ciwon suga, su ne kuwa manyan masu kassara ƙoda.

A 2017 wani likitan ƙoda mai suna Ziyad Al-Aly da abokan aikinsa a St. Louis ta Amurka sun wallafa binciken da ya bi tsoffin sojoji kusan miliyan 2.5 na kimanin shekara 8 da rabi. Sun ga cewa mazauna wuraren da ɓurɓushin ya fi yawa sun fi kamuwa da ciwon, sun kuma fi kaiwa ga wankin ƙoda. Abin ɗaure kai, haɗarin ya bayyana har a inda hukuma ke ganin iskar ba ta da laifi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage matsakaicin yawan ɓurɓushin da ta amince da shi a shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska.

Ciwon ba ya saurin nuna kansa. Kafin a ga kumfa a fitsari ko kumburin ƙafa da fuska, sau da yawa ƙodar ta riga ta jigata, don haka da gwajin jini da na fitsari ake gano shi da wuri.