Sikima da tace ruwa a tankin murjani mai sauƙin kuɗi

Sikima, wadda ake kuma kira matatar kumfa, na'ura ce da ke fitar da dattin da ya narke a ruwan gishiri tun kafin ya ruɓe. Ita ce yawancin masu kiwon murjani a tankin gilashi ke fara nema, ko da yake ba ita ce ginshiƙin tace ruwan ba. A Accra da Kumasi galibin kayan wannan kiwo daga waje ake shigo da su, har murjanin kansa, domin gaɓar tekun Gana ba ta da tudun murjani irin na Indonesiya ko Bahar Maliya. Murjani mai ƙashin dutse yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin halittun da ake karewa, shigo da shi sai da takardar izini.

Tarihi

An daɗe ana raba abubuwa da kumfa a masana'antu kafin dabarar ta shigo gidajen masu kiwon kifi. Ana danganta shigowarta da Jamus a wajajen farkon shekarun 1960, kuma sunan Norbert Tunze na cikin waɗanda ake ambata. Sikimomin farko bututu ne kawai da guntun katako a gindinsa, ana hura masa iska yana fitar da ƙananan kumfa. Katakon yakan toshe bayan 'yan makonni, sai a canja. Daga baya aka samu masu zuƙo iska ta matsattsiyar ƙofa, sannan masu farfela mai allurai da ke daddatsa iska a cikin ruwa, waɗanda su ne suka cika kasuwa yanzu.

A farkon shekarun 1960 ɗin ne kuma Lee Chin Eng na Jakarta ya nuna cewa dutsen da aka ɗebo daga teku da halittun da ke jikinsa yana iya riƙe tanki ba tare da wata matata ba. Masu kiwo a birnin Balin na Jamus suka haɗa wannan dutse mai rai da sikima da haske mai ƙarfi, tsakanin shekarun 1970 da 1980, abin da aka sani da tsarin Balin, wanda ake yawan haɗawa da sunan Peter Wilkens. Walter Adey a Amurka ya bi hanyar tace ruwa da gansakuka, Jean Jaubert kuma a Monako ya dogara da yashi mai kauri. Tsarin Balin ne ya fi yaɗuwa.

Yadda take aiki

Wasu ƙwayoyin datti, irin na furotin da maiƙo, gefe ɗaya nasu yana son ruwa, ɗaya gefen yana gudunsa, don haka suke mannewa a fatar kumfa. Kumfar tana hawa wuyan sikima, ruwa yana tsiyayewa, abin da ya rage ya zube a kofin sama. A ruwan daɗi kumfa takan haɗe ta fashe da wuri, shi ya sa na'urar ba ta da wani amfani sosai a can. Bayan fitar da datti, tana shigar da iskar shaƙa cikin ruwa, kuma wannan yana da muhimmanci da dare.

Zaɓi

Tankin da bai kai lita 100 ba, mai kifi biyu ko uku da murjani mai laushi, yana rayuwa lafiya babu sikima idan ana canja kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwansa kowane mako. Daga nan zuwa sama tana rage wahala. Girman tankin da kamfani ke rubutawa a kwali yakan zarce abin da na'urar ke iyawa, saboda haka ana ɗaukar wadda aka rubuta mata girman tankin zuwa ninki ɗaya da rabi. Wuce haka ɓarna ce: faɗin wuyanta ya fi ƙarfin dattin da ke ruwan, kumfa ba za ta tsaya ba.

Mai tankin ƙasa, wato ƙaramin tanki a cikin kabad, ya sayi wadda ake tsayarwa a ciki, yawanci a ruwa mai zurfin santimita 15 zuwa 20 wanda ba ya hawa da sauka. Marar shi ya nemi mai rataya a bayan gilashi, amma ita idan ta yi ambaliya a ƙasan ɗaki take zubarwa.

A duba wutar da injin ke ci. Wutar Gana 230 V ce a kan 50 Hz. Injin da aka ƙera don Amurka, mai 120 V da 60 Hz, ko an sa masa taransifoma zai juya a hankali, ya ja iska kaɗan. Injunan DC masu adafta da ke karɓar 100 zuwa 240 V ba su da wannan matsala.

Sauran tacewa

Babban aikin yana kan dutse. Bakteriyar da ke zaune a ramukansa ce ke juya amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa naitirait, sannan naitiret wanda bai kai su guba ba. Tsohon ma'auni shi ne kusan kilo ɗaya ga kowace lita 8 zuwa 10. Busasshen dutse ya fi arha, sai dai a ba shi mako huɗu zuwa shida ko fiye, har awon amoniya da naitirait ya nuna sifiri. Audugar tacewa ko jakar zane ana canja ta bayan kwana biyu ko uku, in ba haka ba ita kanta ta zama matattarar naitiret. Gawayin tace ruwa ana sabunta shi kusan duk wata. Gawayin girki ba ya maye gurbinsa. Ciyawar teku ta Chaetomorpha a tankin ƙasa tana shanye naitiret da fosfet, wani sinadarin da datti ke bari a ruwa.

Ruwa

Ana haɗa ruwan tanki da gishirin da aka yi don haka da ruwan da ya bi matatar RO/DI, mai cire ma'adinan da suka narke a ruwa, har awon TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwan, ya nuna sifiri. Nauyin ruwan da ake nema, wato awon gishirinsa, 1.025 zuwa 1.026 ne, zafi kuma digiri 24 zuwa 27. Ruwan leda, wato piya wata, ba duka yake daidai ba, sai an auna. Ɗebo ruwan teku a bakin gaɓar Accra yana da haɗari, musamman kusa da bakin tafkin Korle inda ƙazantar kogin Odaw ke fita. A guji duk mahaɗar bututu ta tagulla, domin tagulla na kashe murjani da jatan lande. Lokacin zafi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, fanka a kan tanki tana sauke zafin ruwa amma tana ƙara ƙafewa, kuma abin da ya ƙafe da ruwa marar gishiri ake cika shi.

Matsaloli

Sabuwar sikima takan yi mako ɗaya ko biyu tana wasa, wani lokaci ta cika kofi da farin ruwa, wani lokaci ba ta fitar da komai, har sai maiƙon masana'anta ya wanke. Bayan ta daidaita, abin da ke kofi ya kamata ya yi launin shayi mai kauri. Ana wanke kofi da wuya aƙalla sau ɗaya a mako, domin laka a wuya tana karya kumfa. Injin kuma a jiƙa shi a ruwan biniga bayan 'yan watanni don narkar da farar ƙasar da ta daskare. Man shafawa a hannu ko abinci mai maiƙo yana kwantar da kumfa na wasu sa'o'i.

Ɗaukewar wuta, dumso, tana da nata haɗari. Ruwan babban tanki yana gangarowa tankin ƙasa, idan wuta ta dawo sikima ta tashi a ruwa mai zurfi ta yi ambaliya, dattin kofi ya koma tanki. Maganinsa shi ne soket mai jinkirta kunnawa na 'yan mintuna, da barin sarari a tankin ƙasa. Ƙaramin injin iska mai batir ya fi sikima amfani a irin wannan dare.

Duk abin da ke iskar ɗaki sikima tana tura shi cikin ruwa. A unguwanni masu cinkoso kamar Nima, Mamobi ko Aboabo, hayaƙin gawayi, na janareta, na maganin sauro da ƙurar hunturu duk suna shiga. A kashe ta kafin a fesa maganin ƙwari, a rufe tankin, kuma a sa ɗan gawayin tacewa da auduga a bakin bututun iskarta.

Saɓani

Gwajin da masanin sinadarai Ken Feldman ya yi a Amurka ya nuna sikima tana cire kusan sulusi ko ƙasa da haka na narkakken datti, kuma tsada ba ta kawo babban bambanci. Wasu na ganin tana kwashe abincin murjani, wasu ba su yarda ba.