Shari'ar amincewa da ƙungiyar ƙwadago

Amincewa da ƙungiyar ƙwadago ita ce mai kamfani ya yarda, ko doka ta tilasta masa, cewa wata ƙungiya ce bakin ma'aikatansa wajen daidaita albashi da sharuɗɗan aiki. Rajista dabam, amincewa dabam. Ƙungiya takan riƙe takardar gwamnati a hannu, amma mai kamfani ya ƙi zama da ita, kuma daga nan ƙara ke tasowa. Tushen wannan haƙƙi a dokar ƙasa da ƙasa yarjejeniyoyi biyu ne na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya: ta 87, ta shekarar 1948, kan 'yancin kafa ƙungiya, da ta 98, ta 1949, kan tattaunawar bai ɗaya.

Su wa za a ƙirga

Kafin a jefa ƙuri'a sai an yanke wane rukunin ma'aikata ne ƙungiyar za ta wakilta, kuma sau da yawa a nan ake cin shari'ar ko a faɗi. A ce ƙungiya tana da mambobi 60 cikin ma'aikata 100 a reshe ɗaya. Idan kamfani ya shawo kan hukuma ta haɗa rassa biyar masu mutum 500, rinjayen ya koma kashi 12 cikin ɗari ba tare da ko mutum ɗaya ya fita ba. Shi ya sa lauyoyi ke daɗewa a kan abubuwan da za a ɗauka ƙanana ne: wa ke tsara lokutan aiki, ko ana musayar ma'aikata tsakanin rassa, ko tsarin albashin ɗaya ne.

Akwai kuma gardamar wane ne ma'aikaci. A Amurka, gyaran da aka yi wa dokar ƙwadago a 1947 ya cire masu sa ido kan wasu ma'aikata daga kariyar dokar. A Birtaniya, Kotun Ƙoli ta yanke a 2023 cewa masu kai saƙon Deliveroo, kamfanin kai abinci, ba ma'aikatan kamfanin ba ne, musamman don suna da damar sa wani ya yi aikin a madadinsu, saboda haka ba za a tilasta wa kamfanin tattaunawa da ƙungiyarsu ba.

Matakai

A ƙarƙashin dokar Amurka ta 1935, ƙungiya takan kawo sa hannun aƙalla kashi 30 cikin ɗari na rukunin, hukumar ƙwadago ta shirya zaɓen sirri, rinjayen waɗanda suka jefa ƙuri'a ya wadatar. Idan ƙungiyar ta faɗi, ba wani zaɓe sai bayan wata 12. Tsarin da Birtaniya ta kafa a 1999, yadda aka tsara shi a lokacin, ya fi tsauri: kamfani mai ma'aikata 21 zuwa sama, mambobi kashi 10 kafin a karɓi buƙata, sannan a zaɓe sai masu goyon baya sun kai kashi 40 na dukkan rukunin.

Jinkiri shi ne babban abin da ke karya ƙungiya. In aka kori jagoranta ana gab da zaɓe, hukuncin mayar da shi aiki yakan zo bayan tsoro ya gama aikinsa, wasu masu sa hannun ma sun bar kamfanin. Diyyar da dokar Amurka ta tanada ba ta taka kara ta karya ba, domin albashin da ya rasa ne, a cire abin da ya samu a wani wurin. A shari'ar Gissel ta 1969 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a umarci kamfani ya tattauna ko ba zaɓe, idan laifinsa ya sa zaɓen gaskiya ba zai yiwu ba.

Bayan amincewa

Amincewa ba ta nufin an samu yarjejeniya. Dokar Amurka tana wajabta zama da tattaunawa da zuciya ɗaya, amma a shari'ar H. K. Porter ta 1970 an yanke cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa kowane ɓangare karɓar wani sharaɗi. A Birtaniya kuwa, amincewar dole ta tsaya ne kan albashi, awannin aiki da hutu kawai.