Mene ne "lodi" a motar kwana, kuma me ya sa breka ke faɗuwa?

A Amurka da Turai akwai motoci masu ɗaki a ciki, da gado da ɗan kicin da bandaki, waɗanda iyali kan tafi hutu a cikinsu. Amurkawa na kiransu RV. Idan aka isa sansanin yada zango, sai a zaro kebul a jona motar da turken wuta da ke wurin. Daga nan rigimar "lodi" ke farawa.

Lodi shi ne jimillar wutar da kayan da aka kunna ke ja a lokaci guda. Lissafinsa ba wuya: folt (ƙarfin turin wutar) sau amfiya (yawan wutar da ke gudana a waya), ya ba ka wat. Yawancin ƙananan motocin kwana a Amurka amfiya 30 suke karɓa a kan folt 120, wato wat 3,600 ke nan, ba ƙari. Manyan kan karɓi layi biyu masu amfiya 50 kowanne, su kai wat 12,000, shi ya sa masu su ba su cika kuka ba.

To, ɗauki mai amfiya 30 ɗin. Na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi tana cin wajen amfiya 13 zuwa 15, kuma lokacin da take tashi takan fizgi fiye da haka. Hitar ruwa ta ci kusan 12. Ga cajar batirin motar tana shan nata a ɓoye, ba wanda ke tuna ta. Sai uwargida ta kunna injin ɗumama abinci, breka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan lodi ya yi yawa, ta faɗi, ɗif! Duhu. Duk wanda ya taɓa jona dutsen guga a ƙaramin janareto ya ji yadda muryarsa ke sauyawa, ya san wannan labari.

Abin da ke faruwa a cikin breka shi ne, akwai wani siririn ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya yi zafi, sai ya saki makunnin. Don haka ba nan take take faɗuwa ba idan lodin ya ɗan haura kaɗan. Takan jure na wasu mintuna, har mutum ya ɗauka komai lafiya. Amma idan wayoyi biyu suka haɗu, maganaɗisun da ke ciki ne ke tsinke wutar a ƙiftawar ido. Mai motar da ya lura da wannan bambanci ya rage wa kansa wahala: wadda ta faɗi bayan an daɗe ana aiki, lodi ne, wadda ke faɗuwa da zarar an ɗaga ta, ko da an kashe komai, aikin mai gyaran wuta ce.

A Turai lissafin ya fi matsewa. Folt 230 ne, amma wasu sansanonin amfiya 6 kacal suke bayarwa, wato wat 1,380. Butar lantarki ta gida mai wat 2,000 ita kaɗai ta isa ta kashe wutar.

Ni dai abin da ke ba ni haushi shi ne masu cire breka su sa babba. Kaurin wayar da ke bango bai ƙaru ba, zafin da brekar ta ƙi ɗauka wayar ce za ta sha, a cikin ɗakin da kusan duk katako ne da roba. Masu daɗewa a harkar ba sa wannan kasada. Sukan kashe na'urar sanyaya kafin a ɗumama abinci, su mayar da hita da firiji kan gas, sannan su ɗaga brekar bayan ta huce.