Kotun Musamman ta Saliyo

Kotun Musamman ta Saliyo kotu ce da gwamnatin Saliyo da Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa tare a shekarar 2002, domin hukunta waɗanda suka fi kowa alhakin ta'asar da aka yi wa fararen hula a yaƙin basasar ƙasar. Mazauninta ya kasance a Freetown, wato cikin ƙasar da aka aikata laifukan, ba kamar kotun Ruwanda da aka kai Arusha ba. Alƙalanta kuwa gauraye ne: wasu gwamnatin Saliyo ta naɗa, wasu babban sakataren Majalisar.

Asalin kafa ta

Yaƙin ya soma ne a watan Maris na 1991, lokacin da 'yan tawayen RUF ƙarƙashin Foday Sankoh suka kutso gundumar Kailahun daga Laberiya. Ya ɗauki shekara goma sha ɗaya, kuma ana ƙiyasta mutum dubu hamsin ko fiye sun mutu. Abin da ya fi tsaya wa duniya a rai shi ne yanke hannaye da ƙafafun mutane, da sa ƙananan yara ɗaukar bindiga, da bautar da jama'a a ramukan lu'ulu'u na Kono. A 1997 sojoji ƙarƙashin Johnny Paul Koroma suka hamɓarar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah, suka haɗa kai da 'yan tawayen, sai dakarun ECOMOG na ƙungiyar ECOWAS, waɗanda Najeriya ke jagoranta, suka mayar da shi kan mulki a 1998.

Yarjejeniyar sulhu ta Lome a Yulin 1999 ta yi wa mayaƙa afuwa baki ɗaya, har Sankoh ya samu muƙami mai darajar mataimakin shugaban ƙasa. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya dai ya sa hannu tare da sharaɗin cewa afuwar ba ta shafi laifukan yaƙi ba. Sulhun bai kai shekara ba RUF ta yi garkuwa da sojojin kiyaye zaman lafiya kusan 500 a Mayun 2000. Daga nan Kabbah ya rubuta wa Kofi Annan, babban sakataren Majalisar na lokacin, yana neman kotu, Kwamitin Sulhu ya amince da ƙuduri mai lamba 1315 a watan Agusta, aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ta a Janairun 2002.

Hurumi

Laifukan da aka aikata daga 30 ga Nuwamba 1996 kaɗai kotun ke iya saurara, don haka shekaru biyar na farkon yaƙin ba su shiga ba. Ba ta yanke hukuncin kisa. Kuɗin gudanar da ita gudummawar ƙasashe ce ta ganin dama, abin da ya sa ta sha fama da rashin kuɗi.

Shari'o'i

Mutum 13 aka tuhuma, tara aka samu da laifi. Sankoh ya mutu a tsare a 2003, an kashe Sam Bockarie a Laberiya a shekarar, Koroma kuwa ya tsere, ba a taɓa kama shi ba. A 2007 aka ɗaure shugabannin sojojin juyin mulki uku shekara 45 zuwa 50, kuma shi ne karon farko da wata kotun ƙasa da ƙasa ta hukunta wani kan sa yara aikin soja. A 2009 Issa Sesay na RUF ya samu shekara 52, Morris Kallon 40, Augustine Gbao 25, cikin laifukansu har da auren dole da kai hari kan sojojin kiyaye zaman lafiya.

Shari'ar da ta fi raba kan 'yan Saliyo ita ce ta mayaƙan sa-kai na Kamajo, mafarautan da suka yi yaƙi a ɓangaren gwamnati. Jagoransu Sam Hinga Norman yana ministan cikin gida aka kama shi a 2003, alhali da yawa suna ganinsa gwarzo. Ya rasu a Dakar a 2007 kafin a yanke hukunci. Abokan shari'arsa biyu an ƙara musu shekarun ɗauri bayan ɗaukaka ƙara, inda alƙalai suka ce kare zaɓaɓɓiyar gwamnati ba ya rage nauyin kisan fararen hula.

Charles Taylor

An bayyana tuhumar Taylor a Yunin 2003, yana shugaban Laberiya, yana kuma taron sulhu a Accra. Gana ba ta kama shi ba. A watan Agusta ya sauka daga mulki, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ba shi mafaka a Kalaba. Lauyoyinsa sun ce shugaban ƙasa na da rigar kariya, amma kotun ta yi watsi da wannan hujja a 2004. Bayan sabuwar shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf ta nemi a miƙa shi, sai ya ɓace daga gidansa. Ranar 29 ga Maris 2006 aka damƙe shi a Gamboru Ngala ta jihar Borno yana shirin tsallakawa Kamaru.

Saboda fargabar tashin hankali aka mayar da shari'arsa birnin Hague. Ranar 26 ga Afrilu 2012 aka same shi da laifuka 11, bisa tsarawa da taimaka wa 'yan tawaye da makamai a madadin lu'ulu'u. Alƙalan ba su gamsu cewa shi ne ke ba su umarni kai tsaye ba. An yanke masa shekara 50, aka tabbatar a 2013, yana zaman gidan yari a Ingila. Tun bayan shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin 'yan Nazi na Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, shi ne tsohon shugaban ƙasa na farko da wata kotun ƙasa da ƙasa ta samu da laifi.

Suka

Masu suka na cewa kuɗin da aka kashe, wanda ake ƙiyasta ya kusa dala miliyan 300, ya yi yawa ga hukunta mutum tara, yayin da waɗanda aka guntule wa hannaye ba su samu diyyar kirki ba. Ba a kuma tuhumi ko ɗaya daga sojojin ECOMOG ba, duk da zargin kashe mutane ba tare da shari'a ba a Freetown a 1999, domin dokar kotun ta bar wannan ga ƙasashensu.

Rufewa

An rufe kotun a Disambar 2013. Wata ƙaramar kotu ta gaje ta, tana kula da tsaron shaidu da fursunonin da akasarinsu aka kai Ruwanda.